Ƙwaya Mai Riga da Ƙwaya Tsirara

Mahaifina marini ne, a bakin karofi na buɗe ido. Tun ban iya ɗaurin zane ba na san rijiyar baban rini da ta nuna da wadda take son ƙarin kwana biyu, daga kumfarta kawai. Allo na taɓa kaɗan, gwargwadon abin salla. Boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba, kuma har yau ban ga abin da aka rage ni da shi ba. Ku kawo mini shuɗi iri goma in jera muku su, in nuna muku wanda zai zuba tun a wankin farko. Na faɗi wannan ne don ku san wadda take magana, kada a zo tsakiyar labari wani ya ce tsohuwa ta ƙara gishiri.

Gidan masunta aka kawo ni a nan Haɗeja. Mijina Malam, Allah Ya jiƙansa, mutumin ruwa ne tun kakanni. Da gora yake shiga, irin babbar nan da mutum ke kifa cikinsa a kai yana iyo, in ya kama kifi ya jefa ta bakinta. Shi ya kamo, ni in yi banda. Tun ranar da na shigo gidan yake kirana 'yar marina, ni kuwa Malam nake ce masa, ko muna faɗa.

Ciwon suga ya same shi yana da furfura amma da sauran ƙarfinsa. Sai ƙishirwa, sai zagayawa ba iyaka, sai rama. Mu kuwa mun riga mun san ciwon, don shi ya ci ƙafar yayansa na Guri. Daga ɗan tuntuɓe abin ya fara, aka ce a shafa wannan, a ɗaura wancan, ƙarshe sai da aka yanke ta daga gwiwa. Mutumin da ya fi kowa iyo a garinsu ya koma zaman tabarma yana ɗinke wa wasu komar kamun kifi. Saboda haka da likita ya rubuta wa Malam magani bai yi gardama ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an nuna maka inda randa take ba.

Maganin nan kuwa ya shiga ransa. Wata 'yar ƙwaya ce a jikin kati mai ƙyalli, kowace da ɗakinta, sai ka danna ta fito ta baya. Malam ya raɗa mata suna mai riga. Kowace safiya sai ya ɗaga katin a rana ya duba, ya danna da babban yatsa, ya yi bisimilla ya haɗiye, kamar mai karɓar kyautar girma. Shekara uku ko huɗu muna haka lafiya lau.

Sai zamani ya juya. Lokacin soja ne, tun muna ƙarƙashin Kano ba a yanke mana jiharmu ba, shekarun da komai ya yi tsada har sabulu sai da layi. Mai riga ta ɓace daga kemis. Wai sai Kano, a Kanon ma kuɗinta ya fi ƙarfin mai gora. A asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu aka fara ba da wata a madadinta, fara fat, 'yar kewayayya, ana zubo ta daga wani babban gwangwani a ƙirga maka a ambulan. Kuma a wannan tsakanin ne, da yake ƙaddara ba ta sallama, Malam ya taka kifin nan ƙurungu a bakin ruwa, ƙayarsa ta shige masa tafin ƙafar hagu. Aka cire, amma wurin ya ƙi rufewa. Kwana goma yana ruwa-ruwa, gefensa ya fara baƙi.

Ashe a ɓoye rabi-rabi yake shan mai rigar don kada ta ƙare, wata rana ma ya tsallake. Ambulan ɗin farar kuwa yana nan a aljihun tsohuwar rigarsa ko buɗewa bai yi ba. Ranar da na gano na tasa shi gaba, yana ɗingishi da sanda, har gaban Sista.

Sista ita ce malamar asibitin. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ta daɗe a garin har 'ya'yanta sun fi ta iya Hausa. Gidansu na bayan namu, kuma a wurina take sayen banda. Hausarta daɗi gare ta, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba don ina son ji.

Ta wanke ciwon, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Baba, ƙafar nan ba za ta warke ba sai suga ya sauka. Ka sha maganin da na ba ka. Abu ɗaya ne da wancan. Garin da ke cikin wancan shi ne a cikin wannan, masu yi ne kawai daban."

Malam ya ce, "'Yata, kama da wane ba ta wane. Magani tsirara, ba riga ba wando, a zubo shi daga gwangwani kamar gyaɗa? Ko kifi sai an sa shi a kwali kafin ya tafi Kudu."

Na ce, "A kwalin sabulu kuke sa shi, Malam. Ya taɓa isa can ya zama sabulu?"

Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Ya harare ni ya ce, "Ke 'yar marina, da ke aka yi?"

Amma in faɗi gaskiya, bakina ne kawai ya yi gaba, zuciyata tana bayansa. A shekarun nan jabu ya cika gari. An sha buɗe kafso a tarar da alli. Ita kanta Sista da na tsare ta da ido ta ce, "Mama, ni na yarda da shi, amma ba ni na haɗa shi ba." Na ji daɗin wannan magana fiye da in da ta rantse mini.

Sai ta ba Malam wata 'yar kwalba ta ce ya zagaya baya ya kawo fitsari. Da ya kawo, ta ɗauko wata kwalbar siririya kamar yatsa, ta zuba wani ruwa a ciki. Jama'a, shuɗi ne. Shuɗi mai haske kamar an jiƙa bula. Na matso ban san na matso ba. Ta ɗiga fitsarin a ciki tana ƙirgawa, ta kunna 'yar fitila, ta riƙe kwalbar da ɗan awartaki a kan wuta har ya tafasa. Ina kallo shuɗin nan ya juye kore, koren ya koma ruwan ɗorawa, ya tsaya a ruwan goro. Ta ce in ya zauna a shuɗi ba suga ke nan, kore kaɗan ne, ɗorawa ya yi yawa, in ya kai ja kuwa abin ya ɓaci.

Na ce, "Shi ke nan aikin?"

Ta ce shi ke nan.

Na ce, "Ashe rini kuke yi a asibiti ba ku gaya wa mutane ba."

Bayan namu ta dafa na wata mata, ta ɗaga ta ce shuɗi ne. Na ce a'a, akwai kore a ƙarƙashinsa, yana nan yana leƙe. Ta kai bakin taga, ta kara da wata takarda mai launuka, ta juya, ta sake juyawa. Can ta ce, "Mama, kai fa likita ne."

A nan dabara ta zo mini. Na tambayi Malam mai riga nawa suka rage, ya ce goma sha huɗu. Na ce to, gani ya kori ji. Ya sha mai riga cikakkiya kwana bakwai, ya sha tsirara kwana bakwai, kullum Sista ta dafa mu gani. In tsirara ta faɗi, ni da kaina zan sayar da tasoshina a je Kano. In kuwa ta tsaya, ya bar gardama. Sista ta ce ta yarda muddin kullum tana ganin ƙafar, kuma in ta ce a tsaya a tsaya. Malam ya shafa gemu ya ce, "Na yarda. Ki fara goge tasoshin."

Sista tana da littafinta, amma littafin nata ne, mu ba ma ganin komai a ciki sai tafiyar tsutsa. Sai na nemo zaren ɗinkin hula kala biyar, na sami igiyar rama na rataye a ƙusar ɗakina. Kowace safiya abin da kwalba ta nuna, in ƙulla zarensa a igiya. Wannan ko makaho ya shafa ya san an yi kwanaki, mai ido kuwa daga bakin ƙofa zai karanta.

Kai kwalbar nan asibiti shi ne aiki. Malam ya ce shi ba zai ratsa unguwa da fitsarinsa a hannu ba, yana da surukai. Ni nake naɗe ta a bakin mayafi in yi gaba, shi ya biyo baya wankin ciwo kamar bai san ni ba. Wata safiya maƙwabciyata, mai son ganin ƙwaƙwaf, ta tare ni a lungu ta ce, "Yaya, turare ne kike ɓoyewa haka? A ɗan shafa mana mana." Na ce, "Na Malam ne, mai tsada, ba a buɗe shi a hanya." Ta tafi tana cewa wasu dai sun iya rowa. Ranar Lahadi kuwa da ba a buɗe asibiti, a tsakar gidanta Sista take dafa mana a kan risho, da kwalliyarta da ɗankwalinta, kafin ta wuce coci.

Makon mai riga ya yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Kwanan farko ɗorawa, na biyu kore, daga nan shuɗi, shuɗi, kore ɗaya, shuɗi, shuɗi. Ciwon ya fara tsotsewa. Malam sai ya tsaya gaban igiya ya harɗe hannu a baya kamar mai duba gonarsa.

Aka shiga makon tsirara. Kwanan farko kore. Na ce ba komai, baƙuwa ce. Na biyu ɗorawa. Na uku ɗorawa. Na huɗu ruwan goro. Rana ta biyar kwalbar nan ta yi ja kamar jan bulo, har wani gari-gari ya kwanta a gindinta. Na ƙulla jan zare. Ƙafar kuwa ta koma ruwa, har da wari.

Malam, duk da ciwon, baki har kunne. "To, 'yar marina? Araha ba ta ado. Ina tasoshin?"

Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce a tsaya haka nan, gobe ya koma mai riga, a nemi mai zuwa Kano. Ta ce gwangwanin ma za ta rufe shi ta mayar wa manyanta, tunda ba za ta ci gaba da ba mutane abin da ba ta tabbata da shi ba. Na ga idonta ya yi ja, don ita ce ta tsaya wa maganin a gaban jama'a.

Na zauna a bencin ina tunani. Sai na tuna mahaifina. In rijiya ɗaya ta ƙi ci a karofi alhali na kusa da ita duk sun ci, kuma daga buhu ɗaya aka ɗebi baba, ba ya zagin baba. Cewa yake yi, wa ya zuba wani abu a nan? Na ce wa Sista, "Su wa da wa ke sha daga gwangwanin nan?" Ta ce akwai mutum uku. Na ce nasu ya yi ja? Ta buɗe littafi ta duba, ta ce a'a, shuɗi da kore ne. Na ce, "To ruwa ba ya tsami banza. Ki ba ni zuwa gobe kafin ki rufe."

Na dawo gida na bi komai. Tuwon dawa ne da miyar kuka da kifi, abin da ya ci wancan makon shi ya ci wannan. Shinkafa na hana, fura na hana, shayinsa ba suga. Na leƙa aljihunansa ko dabino, babu. Na tambayi mai rake na bakin masallaci, ya rantse Malam bai ko kalle shi ba. Har na fara cewa a raina to, watakila tsirarar ce ta faɗi, in je in fito da tasoshi.

Da hantsi ina sharar zaure sai na ga kiyashi. Layi guda suka yi, baƙi siɗik, daga bakin ƙofa suka bi gindin bango, suka hau, suka bi igiyar da gorar Malam take rataye, suka shige bakinta. Gorar da ta yi wata ba ta ga ruwa ba, ta bushe ƙamas, ko ƙarnin kifi babu. Na ce me kuke nema a nan, bayin Allah? Na sa hannu har kafaɗa. Sai ga kwalba, irin ta man gyaɗa, an toshe bakinta da totuwa. Zuma ce farar saƙa, an sha fiye da rabi.

Nan take na tuna. Ranar da aka fara tsirara, wani amininsa daga Baturiya ya zo dubiya, suka daɗe a zaure su biyu suna ƙus-ƙus. Ashe shi ya kawo ta.

Na bari ya dawo daga azahar, na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na dire kwalbar a gefen kwanon kamar wani abin da aka saba. Ya kalle ta. Ya kalle ni. Ya kalli gora.

Ya ce, "Wa ya ce ki taɓa mini kayan sana'a?"

Na ce, "Kiyashi ne suka yi mini iso. Malam, mene ne wannan?"

"Zuma ce. Ba ki san zuma ba?"

"Na san ta. Me take yi a cikinka?"

Ya gyara zama, ko kunya babu, ya ce, "Taimaka masa nake yi. Na ga abin nan fari fat ba shi da wani ƙarfi, na ce kada ya kashe ni a banza. In na haɗiye shi sai in bi shi da ludayi biyu, da la'asar ma biyu. Zuma ai waraka ce, ko za ki musa?"

Na ce, "Ban musa ba, Allah Ya tsare ni. Amma ba a ce ka bar zaƙi ba?"

Ya ce, "Suga aka ce. Ciwon suga gare ni, ba ciwon zuma ba. Kin taɓa ganin na sa ƙwayar suga a baki tun da aka hana?"

Wallahi da gaskiyarsa yake faɗa. Shi a ganinsa sugan kwali ne abokin gabarsa, farin nan na Bature. Abin da ƙudan zuma ya yi a kogon itace kuwa, me ya haɗa shi da ciwon asibiti? Na so in yi faɗa, dariya ta ci ƙarfina. Na zauna a ƙasa ina yi har da hawaye, shi kuwa yana ta cewa me ya faru, me aka yi.

Da na kai wa Sista kwalbar zumar da yamma, ta dafe kai ta ce, "Wayyo Baba! Kai ka kusa sa na mayar da magani mai kyau." Washegari ta zaunar da shi ta yi masa bayani a hankali, cewa jini bai san na kwali da na kogo ba, zaƙi duk zaƙi ne a wurinsa. Ta ce zumar ba ta yi laifi ba, ƙofa ce ta ɓata. Ta wanke ciwon, ta ɗiga zumar a kai, ta naɗe da bandeji. Ta ce, "Daga yau ta nan za ta riƙa shiga." Sauran ta kulle a kabad ɗinta.

Kuna tsammani ya sallama? Ba ku san masunta ba. Ya ce to an ji, zuma ta ɓata gwaji, amma hakan bai nuna tsirara tana aiki ba. Kuma wai ni da Sista bakinmu ɗaya, in kwalba ta yi kore zan iya ƙulla shuɗi. Wannan ta yi mini zafi. A ce ni zan yi ƙarya a kan launi!

Na ce, "To ga yadda za a yi. Kai za ka tsaya a kan kwalbar, kai za ka zaɓi zare, kai za ka ƙulla da hannunka. Amma tunda zuciyarka tana da gefe, ba za ka ga abin da kake sha ba. A cikin lomar ɗumame zan riƙa ba ka, ka haɗiye ba tauna. Kwana goma sha huɗu. In an gama kai za ka nuna mana da bakinka."

Ya ce, "Ko a cikin dutse kika sa ta jikina zai gane mai riga."

Muka sake sabuwar igiya. Kowace safiya in juya masa baya, in cusa ƙwaya a loma, in mulmula, in tsoma a miya in miƙa. Sai ya riƙe ta a baki yana lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa, sannan ya haɗiye. Wata rana ya ce, "Uhm, wannan ita ce." Wata rana ya yamutsa fuska ya ce, "Yau kam an cuce ni." Kwalbar ma yanzu shi yake ɗauka, a aljihu, surukan duk ya manta da su. Ya tsaya kan Sista har tana cewa, "Baba, matsa, gemunka zai kama wuta."

Kwana biyun farko ɗorawa da kore, zuma tana fita. Daga nan sai shuɗi. Makon farko ya ƙare da kore biyu, na biyu ya zo da kore ɗaya tak, sauran duk shuɗi, ƙullin hannunsa, irin ƙullin koma da ba ya kwancewa. Ciwon kuwa ya daina wari, baƙin gefen ya zube, jan nama ya fara tasowa daga ƙasa.

Ranar cika, a gaban Sista da mutanen benci, na miƙa masa igiya na ce ya nuna. Ya ɗaga ta sama, ya bi da yatsa, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Abin a fili yake. Makon farko tsirara ce, ga ta nan tana tangaɗi. Na biyu kuwa mai riga ce. Tun ranar da ta dawo na ji ta a gwiwoyina. Ban gaya miki ba ne kawai."

Na ce, "Ka tabbata?"

"Kamar yadda na san sunana."

Na kwance bakin zanena na fito da kati na ɗora masa a tafin hannu. Guda bakwai, kowace a ɗakinta, ko ɗaya ba a danna ba.

Ya juya katin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Wani tsoho a benci ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

Malam ya ce, "Ha'inci ne! Cewa kika yi mako-mako."

Na ce, "Ban ce ba. Cewa na yi ba za ka ga abin da kake sha ba, kwana goma sha huɗu. Ka gani?" Sannan na ciro tsohuwar igiya, na kara makon mai riga na farko a jikin wannan. Tafiyarsu ɗaya, kore nan, kore can, sauran shuɗi. Na ce masa ga dalilina: in da na ba ka bakwai ɗin nan sun ƙare, tsirara kuma ta zo ta faɗi da gaske, da me za mu riƙe ƙafarka kafin a dawo daga Kano? Sista ta san da maganar tun ranar farko, kuma da ta ga ɗorawa ta wuce kwana uku da mun ɓalle katin.

Ya kalli ƙafarsa. Can ya ce, "Gwiwoyin nan dai sun ji wani abu."

Sista ta ce, "Sun ji sauƙi ne, Baba."

Ya miƙa mata hannu ya ce, "Zubo mini gyaɗar taki ta wata guda."

Sai da aka ƙara sati biyar kafin ramin ya rufe sarai, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Lokacin ruwa ya fara ja da baya daga fadama, kifi ya taru a tafkuna, abokansa kullum suna wucewa ta ƙofar gida da gorunansu, shi yana zaune yana haɗiyar yawu. Ranar da Sista ta sallame shi ta kafa masa sharaɗi: ba shiga ruwa sai da takalmi. Masunci da takalmi! Ya ce gara a ce ya shiga da rawani. Na je kasuwa na sayo masa na roba mai rufi, na ajiye a bakin ƙofa.

Na bi shi har bakin ruwa ranar farko, abin da ban taɓa yi ba, wai ina neman itacen banda. Suna hango shi suka fara. Wannan ya ce ga ma'aikacin gwamnati ya zo duba kifi, wancan ya ce a kawo masa kujera da biro. Malam bai kula su ba. Ya naɗe wando, ya kifa cikinsa a gora, ya tura da ƙafa biyu, takalman nan suna ɗagowa suna nutsewa a bayansa har ya yi nisa. Da ya fito da la'asar, tarwaɗa huɗu da karfasa ya zazzage. Babbar ya ce a kai wa Sista, kuma a gaya mata shi dama tun farko bai ƙi maganin ba, bincike yake yi.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana shiga ruwa, kuma da yatsun ƙafarsa goma cif aka kai shi makwancinsa. Duk tsawon shekarun nan, in ya dawo ya yi wanka, sai in sa shi ya miƙe ƙafa a kan cinyata in bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Sista ta nuna mini, ko akwai ƙaya ko tsaga. Dattijo da gemu fari, sai ya yi ta zillo yana ƙyalƙyala dariya, wai in bari, cakulkuli nake yi masa.